Wata uku ina tuƙin jirgin ƙasa a kwamfuta

Ranar da na fara buga wasan nan, wuce tasha na yi. Na hango fasinjoji tsaitsaye a bakin dandamali, na kama birki kamar yadda mai mota zai yi, jirgin kuwa ko a jikinsa, ya ci gaba da sulalewa har ginin tashar ya koma bayana. Sai da na kwashe mako guda kafin hannuna ya gane cewa birkin jirgin ƙasa tun kafin ka ga wurin tsayawa ake fara shi.

Wasan kwamfuta ne na koyon tuƙi, wanda ake zaunar da kai a kujerar direba, ga agogon gudu, ga na iskar birki, ga sigina can gaba. Wata uku ke nan ina bugawa, galibi da dare bayan na taso daga aiki.

Inda wasan ya ciri tuta shi ne jirgin kaya. An ba ni kan jirgi mai dizal da tarago 80 a bayansa. Da ka ƙara wuta sai ka ji ƙarar maɗaurai tana bin jirgin daga gaba har baya, ƙwas, ƙwas, ƙwas, domin akwai ɗan sako-sako tsakanin kowane tarago da na bayansa. Ka yi garaje ka fizga, maɗauri ya tsinke. Birkin kuma da iska yake aiki. Bututu ɗaya ne ya bi tsawon jirgin, kuma rage iskar cikinsa ke sa birki ya kama, saboda haka ko tarago ya ɓalle, bututun na tsinkewa birki zai kama da kansa. Dabarar George Westinghouse ce, wanda ya yi rajistar birkin iska a 1869, ya kawo wannan gyaran a 1872. A wasan za ka ga tazarar da ido: gaba ya kama, baya bai ma san an taɓa birki ba tukuna. Ranar da aka sa ruwan sama, ƙafafun suka riƙa juyawa a wuri ɗaya sai da na saki yashi a kan dogon. Ƙarfe ne a kan ƙarfe, inda suke haɗuwa bai fi faɗin ƙaramin kwabo ba. Wannan ne ke sa jirgi ya ja kaya mai nauyin gaske da ɗan mai, shi ne kuma ke sa jirgin kaya mai gudun kilomita 90 a sa'a ya iya cin sama da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya.

Kafin wasan nan ko ɗaya ban sani ba, alhali ina ɗaukar kaina mai son jirgi. Abin da ke kaina shi ne abin da ke kan kowa: baƙin inji mai aman hayaƙi da kukan usur. Ka ce yaro ya zana jirgin ƙasa, da bututun hayaƙi zai zana shi, ko da bai taɓa ganin irinsa ba. A Birtaniya tun watan Agustan 1968 aka sallami injin tururi daga manyan layuka, amma har yau hotonsa ne a allon da ke gargaɗin masu mota cewa akwai tsallaken dogo marar shinge a gaba. 'Yan fim kuwa tun fil azal suke tare da jirgi. Cikin fina-finan farko da 'yan'uwan nan Lumière suka ɗauka a Faransa akwai na jirgi yana shigowa tashar La Ciotat, wanda aka nuna a 1896. Daga nan aka yi ta dambe a saman tarago, masoya suna ban kwana ta taga. Ban taɓa ganin an nuna mutumin da ke bin jirgi a ƙafa cikin dare yana duba birki ɗaya bayan ɗaya ba.

Su ma waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun san abin da ke ja. A shafin farko injin tururi suka sa, sai jirage masu tsere da iska, domin kowa ya ji labarin Mallard, injin tururin Birtaniya, da ta kai kilomita 203 a sa'a a 1938, da Shinkansen, layin jirage masu tsananin gudu da Japan ta buɗe tsakanin Tokyo da Osaka a 1964. Jirgin kaya sai ka tona kafin ka same shi. Haka yake a duniya ma, ba a tuna shi sai ya yi ɓarna. Na koma na sake karanta labarin garin Lac-Mégantic na ƙasar Kanada, inda jirgi mai tankokin ɗanyen mai 72 ya gangaro babu kowa a ciki ranar 6 ga Yuli, 2013, mutum 47 suka rasu. A da na karanta ne kawai na yi jimami. Yanzu na fahimci zancen: an ajiye shi a kan gangara, birkin hannu da aka ɗaure bai isa ba, aka kashe injin da ke cika iskar bayan wata gobara, iskar birki ta riƙa zurarewa a hankali har ba sauran wadda za ta riƙe birkin. Jikina ya yi sanyi, domin na san yadda allurar agogon nan take sauka a hankali.

Akwai inda wasan ya gaza. Darussan farko a gurguje aka yi su, an cika su da kalmomin ma'aikata ba bayani, kuma yawancin layuka masu daɗi sai ka sake saye daban. Yana da nauyi, ƙaramar kwamfuta za ta riƙa sarƙewa a manyan tashoshi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu ma'aikata. Ba masu gyaran dogo, ba mai haɗa taragu, mai ba da hanya kuma murya ce kawai. Reluwe aikin dubban hannaye ne, kamfanoninsa ne suka sa garuruwan Amurka da Kanada daidaita agogo a ranar 18 ga Nuwamba, 1883, don kada jirage su yi karo, amma wasan ya bar direba shi kaɗai kamar jarumin fim. Sannan duk motar da ke cikinsa mai ladabi ce, tana tsayawa cak a tsallake. Da sun sa ko sau ɗaya wani ya kutso, mai wasa ya kama birkin gaggawa ya ga jirgi bai fasa tafiya ba, da sun koyar da abin da allon gargaɗi ya kasa.

Duk da haka ban yi da-na-sanin sayensa ba. Mai neman tsere da harbe-harbe kada ya ɓata lokacinsa, akwai tafiyar da za ka yi sa'a guda kana kallon sigina kawai. Mai haƙuri kuwa ya tsallake injin tururin, ya fara da jirgin kaya. Ni yanzu ina fama da wata doguwar gangara ce, sau 4 na gwada, iskar birki na ƙare mini kafin in kai ƙasa, kuma daren nan zan gwada riƙe jirgin da birkin injin tun daga sama.