Naɗin talotalo da avoka a wani shago na Zango

Shagon ƙarami ne, a unguwar Zango ta Damagaram, ba nisa da kasuwar Dole. Teburi biyu ne da benci, sai firigo mai gurnani. Abin da ke kai ni can da rana shi ne naɗin naman talotalo da avoka, dala 300 guda, wato sefa 1.500.

Matashin da ke haɗawa yana da hannu. Yakan ɗumama burodin shawarma a kasko, ya dame avoka da gishiri da lemun tsami ya shafa, sannan ya jera nama da tumatir da albasa da salati, ya naɗe. Lemun tsamin nan ne ke hana avoka yin baƙi in ta sha iska. Kafin ka gama gaisawa da mutane an miƙo maka. Naman ƙirji ne, ba kitse, shi ya sa shi kaɗai yakan bushe a baki. Maiƙon avokar ke gyara shi. Ni nakan ce, "Malam, rage mayonez, ƙara yaji," don in ka yi shiru sai ya cika.

Matsalar ita ce avoka ba ta ƙasarmu ba ce, daga kudu ake kawo ta. Ran da aka samu nunanniya, sai hamdala. Wata rana kuwa ɗanya ce, har da ɗaci, kuma kuɗin bai sauka ba. Ka tambaya ya yanka a gabanka.

Naɗin bai riƙe ciki kamar shinkafa da wake, mai aikin ƙarfi sai ya ci biyu. Kuma a zafin watan Afrilu kar ka kai shi ofis ka ajiye har la'asar.