Wata shida ina aiki da git worktree

Da can, duk ranar da aka kira ni cewa manhajarmu ta samu matsala a hannun masu amfani da ita, sai gabana ya faɗi. Gyaran kansa bai cika ba ni tsoro ba. Abin da ke damuna shi ne aikin da nake tsaka da yi a wani reshe (layin aiki na daban a Git, manhajar da ke ajiye tarihin sauye-sauyen fayiloli), wanda bai kai a adana shi ba. Dole in cusa shi cikin `git stash`, wurin ajiyar wucin gadi, in koma main, wato babban reshe, in yi gyara, in dawo. Wani dare na tarar da stash goma sha ɗaya a jere, ko ɗaya ban sa wa suna ba, ina neman na shafin biyan kuɗi. Haka na riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya har ƙarfe ɗaya ta wuce.

Worktree yana cikin Git tun siga ta 2.5 da ta fito a 2015, ba sai ka girka komai ba. Yana buɗe maka reshe a folda tasa daban, alhali duk foldodin da ma'ajiya ɗaya suke aiki, wato rumbun tarihin aikin. Yanzu idan kira ya zo sai in rubuta `git worktree add -b gyara ../gyara main`, in shiga sabuwar folda, aikina na farko kuwa yana nan yadda na bar shi, ko fayil ɗaya bai motsa ba. Abin da na adana a can nan take ake ganinsa a nan, ba turawa ba saukowa. Idan ka leƙa sabuwar foldar za ka ga `.git` ɗinta ɗan fayil ne mai layi ɗaya da ke nuna hanyar uwar ma'ajiya. Wannan ya burge ni ƙwarai.

Yana da nasa ciwon kai. Fayilolin da Git ba ya bibiya ba sa bin ka, don haka `.env`, fayil ɗin saituna, sai ka kwafa da hannu, `node_modules` kuma, foldar kayan da manhaja ta dogara da su, sai ka sake saukowa. Mai sayen data da kuɗin aljihunsa zai ji a jikinsa. Ba ya kuma yarda a buɗe reshe ɗaya a folda biyu. Da farko na ji haushi, daga baya na gane kariya ce. Na taɓa goge folda da hannu, Git ya ci gaba da riƙe reshen har sai da na yi `git worktree prune`, mai share bayanan foldar da aka goge. Tun daga nan `git worktree remove` nake amfani da shi.

Wanda bai saba da `git switch`, umarnin sauya reshe, ba tukuna, ya fara da shi. Ni dai folda uku nake ajiyewa kullum: ta main, ta aikin da ke hannuna, da wadda nake gwada reshen abokan aiki kafin in amince a haɗa.