Wace gaɓar teku za ka zaɓa ka kafa tanti: Gran-Popo, Lome ko Gana?

Da zarar hunturu ya kama, abokai a nan Yamai sukan fara tambayata ina ya fi dacewa mutum ya kwashi iyali su je su ga teku, su kwana a tanti, su kalli namun da ba mu da su a tudu. Sau uku na yi wannan tafiya, kuma ba zan ɓoye ba, Gran-Popo ta ƙasar Benin ce zaɓina.

Hanyar dai sananniya ce: Yamai, Doso, Gaya, ka haye kogi zuwa Malanbil, sai Kandi, Paraku, har Kwatano. Ta haura kilomita 1000, don haka a raba ta kwana biyu, a yada zango a Paraku. Kilomita 60 da fita Yamai kana Kure, wurin raƙuman dawa, amma kada ka sauka daga kwalta sai da jagoran wurin da izinin jami'an tsaro. Gandun W da na Panjari a bar su tukuna saboda halin tsaro. An rufe gadar Gaya a shekarar 2023, shi ya sa a tafiyarmu ta ƙarshe da kwale-kwale muka ƙetare, muka ɗauki shatar mota a Malanbil. Ka binciki halin da gadar ke ciki kafin ka ɗaura kaya a motarka.

Lome gari ne mai kyau, sai dai bakin tekunta a tsakiyar birni yake, ga hayaniya ga tashar jiragen ruwa, ba wurin kwanan yara a fili ba ne. Gana tana da gadar igiya ta dajin Kakum da gidan bayi na Elmina da aka gina a 1482, amma sai ka ƙara ƙetare iyaka biyu, ka canza sefa zuwa sidi, aljihu ya ji jiki. Badagiri ta Najeriya kuwa shingayen hanya sun isa su cinye maka hutun.

Gran-Popo tana yamma da Kwatano, tafiyar kamar awa biyu, dab da iyakar Togo. Siririn tudun yashi ne, teku a gabanka, kogin Mono a bayanka, itatuwan kwakwa a tsakani. Sefarka ta Yamai ita ake kashewa, ba ruwanka da ɗan canji. Yawancin ƙananan masaukan da ke bakin ruwa suna barin baƙo ya kafa tantinsa a cikin harabarsu da kuɗi kaɗan, ya yi amfani da makewayi da ruwan wanka, ga mai gadi da dare. Wannan shi ne abin da ya fi kwantar mini da hankali, domin mai mata da yara ba ya kwana a yashin da ba shi da mai shi.

Da asuba sai ka ga masunta sun jeru suna jan koma ɗaya daga teku, mutum ashirin ko fi, suna waƙa. Da hantsi ka shiga kwale-kwale ka bi Mono zuwa Bush-di-Ruwa, inda kogin ke faɗawa teku, ka ratsa itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, kaguwa na gudu a gindinsu, tsuntsayen ruwa iri-iri a kai. Hukumar UNESCO ta sa wannan yanki na Mono cikin wuraren da ake karewa a 2017. Amma abin da ya sa nake komawa shi ne kunkurun teku. Daga wajen Oktoba zuwa Janairu matan ke fitowa da dare, su haƙa rami a yashi, su zuba ƙwai kusan 100, su rufe su koma. Masu sa kai na ƙauyukan suna kwashe ƙwan zuwa wani killataccen wuri don kada karnuka da mutane su cinye, bayan kamar wata biyu su ƙyanƙyashe, a sake su. Ɗiyata ta ga ƴaƴan suna rarrafe zuwa ruwa, kowanne bai cika tafin hannunta ba, har yau tana ba ƙawayenta labari. Kada ka haska musu fitila, haske na ɓatar da su.

Wida na kan hanyar komawa Kwatano. A bi hanyar bayi mai kilomita 4 har Ƙofar Ba Dawowa da ke bakin teku. In kana son natsuwa kauce wa kwanakin wajen 10 ga Janairu, lokacin bikin gargajiyarsu ne, gari cike yake. Juma'a kuma unguwar Zango ta Kwatano, can za ka ji Hausa kamar kana kasuwar Katako ta Yamai.

Tanti a nemi mai rufi biyu da raga ta hana sauro, saboda raɓar teku tana jiƙa mai rufi ɗaya kafin asuba. Guntayen turakun da ake haɗowa da shi ba sa kama yashi, sai ka sa maƙeri ya yi maka dogaye. Kuma kada kowa ya shiga ruwa ya wuce gwiwa, igiyar wannan gaɓa tana jan mutum ciki ko da gwanin iyo ne a kogin Isa.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, ƴan kamasho. A tafiyata ta farko wani mutum a nan Yamai ya nuna mini hotuna a waya, ya ce ya haɗa komai, masauki da jirgi da jagora, har da kallon balen, manyan dabbobin nan na teku. Na ba shi rabin kuɗi. Muka isa da magariba, yara sun gaji, mai masaukin ya ce bai taɓa jin sunansa ba, wayarsa kuma a kashe. Daga baya masunta suka gaya mini balen daga Agusta zuwa Nuwamba suke bi ta nan, mu kuwa a ƙarshen Disamba muka je. Tun daga alkawarin ƙarya ce. Da zaƙin baki ya ci ni, ya kira ni Alhaji, ya rantse, ya ce amana ce tsakaninmu.

Irinsu suna can bakin teku ma. Akwai mai zuwa da bokiti cike da ƴaƴan kunkuru ya ce ka biya ka sake su. Waɗannan an tsare su kwana da kwanaki a ruwan bokiti don a ci kuɗin baƙi, ƙarfinsu ya ƙare, da yawa ba sa kai labari. Kada ka ba shi ko dala, ka sa mai masaukinka ya kai ka wurin masu sa kai na gaskiya. Akwai mai kwale-kwalen da za ku yi ciniki, sai kun kai tsakiyar kogi ya ce kuɗin zuwa ne kawai. A yanke farashin zuwa da dawowa a gaban mai masauki, a biya bayan an sauko, kuma ka ƙirga rigunan ceto da idonka kafin yaro ya sa ƙafa. A bakin iyaka za a tare ka da katin rigakafin shawara na jabu, wai ya fi sauri. Je ka asibiti a Yamai a yi maka allurar, kwana 10 kafin tafiya, ka riƙe katinka na gaske. Har tantin ma akwai na bogi a kasuwa, an manna masa sunan babban kamfani, zif ɗinsa na tsatsa cikin kwana biyu a iskar gishiri. Ka sa mai kanti ya kafa shi a gabanka, ka zuba masa ruwan buta ɗaya a kai, ka leƙa ciki kafin ka zaro kuɗi.