Hasken H-alfa da Layukan Rediyo Wajen Binciken M82

Masu nazarin gungun taurari na M82, inda sababbin taurari ke haihuwa da gaggawa, suna da hanyoyi biyu na auna iskar haidurojin mai zafi. Jan hasken H-alfa, wanda wannan iskar ke fitarwa, yana da ƙarfi, ko ƙaramin madubin hangen nesa yana kama shi, sai dai ƙura mai kauri tana shanye wanda ke fitowa daga tsakiya, alhali can ne aikin yake. Layukan rediyo, wato siginar rediyo da iskar ke fitarwa idan ilaktiron ya koma wa furoton a ƙwayar zarrar haidurojin yana saukowa daga manyan matakan makamashi, suna ratsa ƙurar, kuma suna nuna saurin juyawar iskar. Matsalarsu rauni: sai na'urori irin VLA, jerin manyan eriyoyin rediyo da ke Amurka, sun daɗe suna saurare. Don binciken tsakiya dai, rediyon ya fi.