Ranar da aka caka wa tirelata sukudireba a Ohio

Shekara shida ina jan motar kamfani tsakanin Columbus da Indianapolis da Chicago kafin Allah ya hore mini na sayi kan tirela nawa na kaina. Peterbilt 379 ce, ƙirar 1998, mai dogon hanci da injin Caterpillar 3406E. Na san wani zai ce mutum yana Amurka me zai yi da tsohuwar mota. To a nan rububinta ake yi. Tun ƙarshen 2017 aka tilasta wa direbobi saka na'urar da ke ƙirga awannin tuƙi, amma injin da aka ƙera kafin 2000 an ɗauke masa. Ba ta kuma shan ruwan nan na tace hayaƙi da ke jiƙa wa masu sababbin motoci aiki. An daina yin ta tun 2007, shi ya sa mai ita ba ya sakinta da arha.

Inji lafiya lau yake. Jiki ne ya koɗe, jan ya koma kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Sai na yi lissafi irin namu na gida: a goge da samfefa, a shafa foti inda ya lotsa, a fesa, kwana uku na hau titi.

Mai garejin da na je wani dattijon Bature ne. Wallahi ko kallon fentin bai yi ba. Cocila ya ɗauka da sukudireba ya shige ƙarƙashin mota. Can na ji ƙarar ƙarfe, na leƙa, sai na ga sukudireban ta huda gindin akwatin batir ta fito ta ɗaya gefen, kamar an soka tsinke a gurasa. Ya sake cakawa kusa da inda ake ɗaure tirela, tsatsa ta zubo masa a fuska. Yaransa biyu na tsaye suna kallo. Ni kuma don na rufa wa kaina asiri na ce ai wannan foti kawai za a cusa a bi da baƙin fenti. Ya fito, ya karkaɗe rigarsa, ya ce in abin da nake so ke nan na je kanti na sayi gwangwani na fesa da kaina, shi ba zai sa hannunsa ba. Yaran suka juya baya suna dariya. Na ji kunyar da rabona da irinta tun ina karen mota a Mararrabar Jos.

Laifin gishiri ne. Duk lokacin sanyi sai an watsa shi a titi don ƙanƙara ta narke, shi kuma ya maƙale a sasi yana ci a hankali. Kan motar alminiyom ne, ba ya tsatsa, amma ya nuna mini wani farin gari da ya kewaye ƙusoshin jikin, ya ce shi ma ciwo ne, kuma fentin ƙasan da ake sa masa daban yake da na baƙin ƙarfe.

Sai takarda. Ya rubuta kowane aiki da awannin da zai ci, awa ɗaya sama da dala 100. Na ce a duba ni, ɗan uwa ne mai neman na abinci. Ya miƙo mini biro ya ce na soke aikin da ba na so. Farashin awa kuwa ba ya motsi. Babu albarka, babu sallama, babu "kawo abin da ya sawwaƙa". Nan na tuna Ƙofar Ruwa, inda za ka zauna a benci a kawo maka shayi ana ciniki ana zolaya, har a rabu ana dariya ko ba a daidaita ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, aikin ya yi. Suka kwance tankuna da bututun hayaƙi da fitilu, suka yi wa sasi feshin yashi har ƙarfe ya fito fes, suka yanke ruɓaɓɓen wuri suka yi walda. Fentin kansa a rufaffen ɗaki aka yi shi, mai fanka da matatar iska, mai feshin ya rufe fuska ruf. Launin ma da lamba aka haɗa shi a kan sikeli. Mu kuwa a gindin darbejiya ake fesawa, iskar hunturu na kwaso ƙura tana liƙawa, yaro ɗan shekara goma sha biyu na shaƙar sinadarin ba ko ƙyalle a hanci. Mai mota ya ga ƙyalli ya biya, damina ɗaya foti ya tsage. Sannan a ɗora mata buhunan da suka ninka ƙarfinta, in sasi ya karye a hanyar Tegina a ce tsautsayi. A nan Amurka nauyin mota da kayanta ba ya wuce fam dubu 80, wajen tan 36, kuma ga ma'auni a bakin hanya.

Inda muka fi su shi ne dabara. Wani ɗan ƙarfen riƙe madubi ya karye, aka sa ni jiran sabo kwana tara. Maƙerin Fanteka a Kaduna zai ƙera maka shi kafin la'asar.

Sati biyar na karɓi mota, ja wur, kana ganin fuskarka a ƙofa. Sai dai tsit take, ba zaki, ba dawisu, ba mikiya irin na bayan gingimarinmu, sai suna da lambar hukuma da doka ta ce a liƙa a gefe biyu na mota. Na kasa jurewa, na je wurin masu yanka rubutu da kwamfuta na ce a sa mini "Ƙarshen wahala daɗi" a bayan kan motar. Na'urarsu ba ta san ƙ da ɗ ba, sai ta fito da akwatuna biyu a gurbinsu, dole aka yanko K da d marasa ƙugiya. Yanzu haka da jan fentin farce na matata na yi wa haruffan ƙugiya, kuma dattijon bai gani ba tukuna.