Waken rumfa a tsakar gida: abin da na gani bayan shuka biyu

Irin kuɓewa na je nema a wani shagon kayan noma a cikin garin Katsina, sai idona ya faɗa kan wani fakiti mai hoton wake fari tas, faffaɗa, kowace ƙwaya ta kai farcen babban yatsa. A jiki an rubuta waken Lima. Lima ɗin babban birnin ƙasar Peru ne, can Kudancin Amurka, yankin da aka yi dubban shekaru ana noma manyan nau'insa. Da na zazzage shi a faifai, surukata Inna ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta jujjuya, ta ce, "Ai waken rumfa ne wannan, 'yar nan. Da can mukan gan shi yana bin danga." Sunan da nake kiran sa ke nan tun daga ranar.

Ƙwaya 40 na ƙirga a ciki, kuɗin kuwa ya yi mini yawa a kan wannan ɗan abu. Amma ba tsadar ce ta ɓata mini rai ba. Na tambayi mai shagon yaushe ake shukawa, ya ce, "Hajiya, ko yaushe, in dai akwai ruwa." Takardar ma ba ta ce komai game da zafi ba. Sai na shuka rabi a farkon watan Maris, ina ban ruwa safe da yamma da ruwan da muke saye a wurin 'yan garuwa.

Ya fito da kyau, ya yi yaɗo, ya yi ganye shar. A ƙarshen Afrilu ya fara fure, ƙanana farare masu ɗan kore-kore, na yi ta murna. Kullum da safe sai in tarar da furen a zube a ƙasa kamar an barbaɗa tsaki. Sati uku ana haka. Kwanson da ya kama bai kai goma ba, shi ma yawanci holoƙo. Wannan waken yana son ɗumi, amma idan zafi ya tsananta kuma iska ta bushe a lokacin da yake fure, zubar da furen yake yi. Kowa ya san yadda bazarar Katsina take a Afrilu da Mayu, ma'auni kan kai 40 da rana. Wanda ke sayar da iri a garin nan ya kamata ya faɗa wa mai saye wannan, domin kuɗin ruwa da wahalar wata biyu ba ƙaramin abu ba ne ga mai gida irin namu.

Ragowar ƙwaya 20 na adana har damina ta zauna, na shuka a farkon Yuli. Wannan karon maigida ya kafa mini dirkoki huɗu na itacen bedi a gefen ɗakin girki, muka shimfiɗa kara a sama, muka saukar da igiyoyi. Na zuba ruɓaɓɓen kashin awaki, na yi ramuka tazarar kamu ɗaya, zurfin gaɓar yatsa biyu. Ƙasarmu jigawa ce, ruwa ba ya kwanciya, kuma hakan ya yi masa daidai, don ƙwayarsa ba ta jure daɗewa cikin laka, ruɓewa take yi. Goma sha shida suka tsiro cikin kwana tara.

Fitowarsa abin kallo ce. Wuyan ne ke fara ɓullowa a lanƙwashe kamar ƙugiya, sannan ya jawo ƙwayar gaba ɗaya daga ƙasa, ɓari biyu manya, da ɓawon a kansu kamar hula. Inda ruwan sama ya daki ƙasa ta yi ɓawo mai tauri, biyu sun karye a wuya. Da na lura, sai na riƙa sassauta saman ramin da yatsa.

Ban sa masa takin zamani ko ƙwaya ɗaya ba. Kamar wakenmu na gida, saiwarsa tana yin 'yan ƙulle-ƙulle inda wasu ƙwayoyin halitta ke ɗauko masa abinci daga iska. Na tumɓuke guda don in gani, na fasa ƙullin da farce, cikinsa ja-ja. In aka cika masa yuriya ganye zai yi ta yi, 'ya'ya kuwa kaɗan.

Kafin Agusta ta ƙare ya rufe rumfar ruf. Wannan ne abin da na fi so a tare da shi, kuma ban yi tsammaninsa ba. Wurin da a da rana ke hana mu zama ya koma inda nake tsintar shinkafa, inda Inna ke shimfiɗa tabarma bayan la'asar, kwansuna na reto a saman kanmu, kowanne a lanƙwashe kamar jinjirin wata.

Darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye, ta zo, kamar yadda takan zo wa wake. Tururuwa da na ga suna hawa da sauka a igiya su suka tona asirinta. Na daka ganyen bedi, na jiƙa ya kwana, na tace, na ɗiga ruwan sabulu, na fesa da yamma sau uku. Ta ragu sosai. Tsutsa ta huda wasu kwansuna, na tsinke su na ƙone.

Ɗanyen kwanso mun fara cira a farkon Oktoba, wata uku da shuka. Ƙwaya biyu zuwa huɗu ake samu a ciki. Busasshe kuma daga ƙarshen watan. A nan sai an sa ido: da iskar hunturu ta fara kaɗawa, kwanson da ya bushe yana fashewa da kansa, ka ji ƙas, ƙwayar ta yi tsalle ta faɗa wajen kaji. Gara a riƙa cira da zarar ya yi ruwan ƙasa, a ƙarasa shanyawa a faifai. Abin da na tara bai cika tiya ba, ban da ɗanyen da muka dafa. Wanda ke son cika buhu ya nemi farin wake ya tafi gona.

Akwai maganar da nake so kowace uwa ta ji, kuma ita ma ba ta cikin takardar. Ba a cin waken nan ɗanye. Yana ɗauke da sinadarin linamarin, irin gubar da ke cikin rogo mai ɗaci. Farare suna da ita kaɗan, masu launi sun fi yawa, amma duka sai an dafa. Yaranmu sun saba ɓare ɗanyar gyaɗa su watsa a baki, don haka na tara nawa na ja musu kunne tun kwanso bai kama ba. Ni jiƙa shi nake yi ya kwana, in zubar da ruwan, in sake sabo, ya tafasa sosai tukunya a buɗe har ya yi lugub.

In ya nuna, laushinsa ya fi na wakenmu nesa ba kusa ba, yana narkewa a baki kamar dankalin Turawa, ba ya ma buƙatar kanwa. A fate da manja da albasa da alayyahu ya yi daɗi ƙwarai, har Inna ta ce, "Ƙaro mini, 'yar nan, wannan ba ya wahalar da haƙori." A shinkafa da wake yakan farfashe in ba a kula ba. Alala ta yi kyau, ɓawonsa ma yana saurin fita wajen surfe. Ƙosai kam bai tashi yadda nake so ba, ban sake gwadawa ba.

Ba zan sake sayen fakitin ba, don babu buƙata. Na zaɓi manyan ƙwayoyi 60 marasa huji, na shanya su sun bushe ƙarau, na zuba a kwalba da toka na toshe bakin saboda ƙwari. Ashirin na maƙwabciyata ne, ta riga ta sa an kafa mata dirkoki, kuma na gaya mata ta jira sai ruwan Yuli.