Abin da suke kallo a nan, da yadda ake sayar musu da shi

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna. A gaishe min da yaran gidan kallo, musamman masu zaman bencin gaba da ba sa bari a ji sharhi.

Ka tambaye ni abu biyu a saƙonka: ko ina samun kallon Firimiya a nan, da kuma abin da mutanen Kanada suke kallo idan ba ƙwallon ƙafa ba. Na farkon amsarsa gajera ce. Ina samu, amma ta intanet, kuma sai na biya kuɗin wata. Wasan da kuke kallo da ƙarfe 4 na yamma, ni ƙarfe 8 na safe yake riska ta a Edmonton, domin a lokacin sanyi awa 8 ne tsakaninmu. Ni kaɗai nake kallo, da kofin shayi, ba mai gardama da ni. Na biyun shi ne ya sa na zauna na rubuto maka doguwar wasiƙa, tunda harkar nuna wasa sana'arka ce.

Abin da suke kallo shi ne ƙwallon gora ta ƙanƙara, wadda suke kira hoki. Mutum shida ne kowane ɓangare har da mai tsaron gida, suna sanye da takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasa, suna zamiya a kan ƙanƙara da sanda a hannu. Ba ƙwallo ake bugawa ba, wani ɗan baƙin faifan roba ne mai tauri, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, kuma sai an daskarar da shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Zango uku ake yi, kowane minti 20. Ɗan wasa ba ya kai minti ɗaya a fili sai ya fita wani ya shigo, wasa na gudana ba a tsaya ba. Wanda ya yi laifi ba kati ake ba shi ba, zaunar da shi ake yi a wani ɗan keji na minti 2, ƙungiyarsa ta ci gaba da rashin mutum ɗaya. Idan biyu suka jefar da safar hannu suka kama dambe, alƙalai kan ɗan ja baya har sai ɗaya ya faɗi ko sun gaji, sannan kowa ya sha minti 5. Wannan ɓangaren har yau bai kwanta min ba, saboda yara suna kallo.

Babbar gasar ita ce NHL, an kafa ta a Montreal a 1917. Ƙungiyoyi 32 ne, 25 a Amurka, 7 a Kanada. Ka ga Amurka ta fi yawan ƙungiyoyi, amma zuciyar wasan a nan take, har majalisarsu ta yi doka a 1994 cewa hoki ne wasan ƙasa na lokacin sanyi.

Makonnin farko da na fara kallo, wallahi faifan ma ba na ganinsa. Sai dai in ga mutane sun ruga wani lungu, can in ji ƙaho ya ɗauka, jar fitila ta kama a bayan raga, wai an ci. Wani dattijo da muke aiki tare ya ce min in daina neman faifan, in riƙa duban inda fuskokin 'yan wasa suka juya. Da na bi shawararsa sai wasan ya buɗe min. Ashe matsalar tsohuwa ce. A Amurka tashar Fox ta taɓa sa wa faifan wani haske shuɗi a allo daga 1996 zuwa 1998, idan an buga shi da ƙarfi ya ja jar wutsiya, don sababbin masu kallo su gane. Mutanen Kanada sun ɗauki abin raini, har gobe suna maganarsa. Su tun suna goye ake kallon abin a gabansu, idonsu ya saba.

Ta wajen aikin ɗauka kuwa, Yaya, gani ya kori ji. Akwai kyamara a cikin raga, akwai a rufi saitin kan mai tsaron gida. Idan aka yi tantama kan ci, akwai ɗaki guda a Toronto da ke bin duk wasannin daren, a duba a yanke. Tallar da kake gani a jikin katangar fili ma ba lallai ita ce mutanen da ke filin suke gani ba, kwamfuta ce ke liƙa ta a hoton, kowane yanki da irin tasa. Sau uku a kowane zango ake dakatar da wasa don talla, a lokacin ne wasu ke shigowa da shebur su kwashe garin ƙanƙara. Hutun da ke tsakanin zango minti 18 ne, yana isa ta in yi alwala in yi salla a natse in dawo. Wuta ba ta ɗaukewa, ba zancen janareta ko man da zai kai ka ƙarshen wasa, ba ruwan sama da zai yanke hoto ana tsaka da bugun fenariti. Duk lokacin da na zauna kallo sai na tuna yadda kake tsayawa kusa da injin da jarka a hannu, kana kallon agogo.

Amma na daɗe ina tunanin abin da ya sa wasan ya shiga jinin mutanen nan haka, kuma a ganina ba kyawun hoto ba ne. Daren Asabar ne. Akwai shirin da ake kira Hockey Night in Canada, ya fara a rediyo a 1931, ya koma talabijin a tashar gwamnati CBC a 1952. Shekara sama da 70 ke nan, duk daren Asabar na lokacin sanyi, mai kuɗi da talaka, na birni da na ƙauye, kowa ya kafa eriya zai samu kyauta. Ƙasa ce mai faɗin gaske, dare na da tsawo, sanyi a nan Edmonton yakan kai 30 ƙasa da sifiri, ba inda za ka. Sai iyali su taru gaban akwati ɗaya. Dattijon nan da na faɗa maka ya ce da muryar mai sharhi ya yi wayo, kamar yadda muka yi wayo da rediyon Baba da asuba. Ranar da Kanada ta doke Amurka a wasan ƙarshe na Olamfik a Vancouver a 2010, kimanin mutum miliyan 16.6 ne suka zauna kallo, kusan rabin ƙasar a lokacin, kuma babu wani shiri da ya taɓa tara jama'a haka a tarihin talabijin ɗinsu.

To yanzu abin ya zama kasuwa mai tsada. A 2013 kamfanin sadarwa na Rogers ya sayi haƙƙin nuna gasar a faɗin Kanada na shekara 12 a kan dalar Kanada biliyan 5.2. A 2025 ya sabunta na wasu shekara 12 a kan biliyan 11. Bayan cinikin 2013 CBC ta ci gaba da nuna wasannin Asabar, amma haƙƙin ya bar hannunta, kuɗin talla ma ba ita ta riƙa karɓa ba. A 2024 wasannin daren Litinin suka koma manhajar Amazon Prime. Wasu wasannin suna tashar Sportsnet, wasu suna TSN, masu jin Faransanci suna da nasu tashoshin. Kowace ƙungiya tana buga wasa sama da 80 kafin a shiga zagayen neman kofi, kuma da yawansu ana sayar da su ne yanki-yanki: idan ba a yankin ƙungiyar kake zaune ba, sai a toshe maka. Ni ma ta faru da ni. Na biya kuɗin wata a wata manhaja, na zauna zan kalli wasa, sai rubutu ya fito wai ba a nuna shi a inda nake, sai na ƙara kuɗi na hau babban tsari. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin kuɗin guminka ne ka ba da, sannan a ce ƙofar da ka biya ba ita ba ce. A wajenka mutum ya miƙa kuɗinsa a bakin ƙofa ya shiga, allo uku na gabansa, Ingila da Sifaniya da Italiya, ya zaɓa. A wannan kam kun fi su sauƙi da adalci.

Shiga filin kansa sai mai hali. Kujera mai kyau a Rogers Place, gidan Edmonton Oilers, tana haura dala 100 nesa ba kusa ba. Sau ɗaya na shiga, shi ma wajen aiki ne suka ba mu tikiti. Inda talaka ke taruwa ya kalla mashaya ce, ka san kuwa ba wajen zuwana ba ne. Babu gidan kallo irin namu, wanda yaro da babba za su zauna da ruwan leda da gyaɗa. Abin da ya fi kama da shi sai lokacin neman kofi, daga Afrilu zuwa Yuni, sa'ad da ake kafa manyan alluna a dandalin da ke gefen filin, jama'a su cika maƙil. Na je a 2024, shekarar da Oilers suka kai zagayen ƙarshe da Florida, inda wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai ke ɗaukar kofin. An ci su uku a jere, kowa ya fid da rai, suka rama uku a jere, aka je wasa na bakwai aka doke su 2 da 1. Na ga manyan mutane suna hawaye a titi, ba kunya. A 2025 suka sake haɗuwa da Florida, aka sake doke su. Rabon wata ƙungiyar Kanada da kofin gasar, wato Kofin Stanley, tun 1993 da Montreal ta ɗauka, Toronto kuwa tun 1967. Edmonton ta ɗauka sau biyar tsakanin 1984 da 1990, huɗu daga ciki zamanin Wayne Gretzky, kuma da wannan tarihin suke ta haƙuri, yanzu idonsu na kan kyaftin ɗinsu Connor McDavid. A daren wasa na bakwai ɗin nan ne kawai na ji kamar ina gidan kallonka ranar da aka fitar da Najeriya.

Akwai abin da nake so ka sa wa ido sosai. Tun 2008 ake sharhin wasannin Asabar da harshen Punjabi, saboda yawan mutanen Indiya da Pakistan da ke ƙasar. Wani abokin aikina ɗan Punjab ya ce kakarsa ba ta jin Turanci, ba ta taɓa taka ƙanƙara da takalmin wasa ba, amma ba ta yarda a canza tasha daren Asabar, ta san sunan 'yan wasa, tana yi musu faɗa daga kan kujera. A 2019 kuma tashar APTN ta nuna wasan NHL da harshen Kiri, ɗaya daga harsunan 'yan asalin ƙasar. Masu wasan sun gane cewa baƙo ba ya son abu sai ya ji shi da bakin gidansu. Ka tuna yadda dattawan unguwa ke tsayawa a bakin ƙofarka su leƙa su wuce? Da za ka samu yaro mai baki da sanin ƙwallo, ka ba shi lasifika ko da a manyan wasanni ne kawai, ka rage muryar Bature, ina kyautata zaton benci zai ƙaru. Ka gwada ranar wasan da bai cika jama'a ba ka gani.

Kada ka ɗauka babu namu a ciki. Mutum na farko haifaffen Najeriya da ya buga NHL, Rumun Ndur, a Zariya aka haife shi a 1975, ya fara da ƙungiyar Buffalo. Jarome Iginla, wanda ya daɗe yana kyaftin ɗin Calgary ya ci sama da 600, mahaifinsa ɗan Najeriya ne, a nan Edmonton aka haife shi, kuma shi ya miƙa wa Sidney Crosby faifan da ya ci Amurka a 2010. Nazem Kadri, Musulmi ɗan asalin Lebanon, ya ci kofin da Colorado a 2022, ya ɗauke shi ya kai masallacin garinsu, London ta jihar Ontario. Hoton nan ya yi yawo a wayoyin 'yan masallacinmu kwana da kwanaki.

Duk da haka, 'ya'yan baƙi ba su cika bugawa ba, kallo suke yi. Kayan wasan da yawa: takalmi, hular kwano, safar hannu, kariyar ƙirji da gwiwa, sanda mai karyewa, ga yaro yana girma duk shekara a sake saye, ga kuɗin rajista da tafiye-tafiye. Shi ya sa yaran da ke da rajistar ƙwallon ƙafa a Kanada sun fi na hoki yawa. Alphonso Davies na Bayern, wanda yaranka suka sani, a sansanin 'yan gudun hijira a Ghana aka haife shi, a garin nan ya tashi. Sai dai unguwanni da yawa suna da filin ƙanƙara a waje, a zuba ruwa ya daskare, yara su shiga. Ɗana ya matsa sai na saya masa takalmi, na samo masa na hannu a shagon gwanjon kayan wasa, yanzu kullum bayan makaranta yana can yana faɗuwa yana tashi.

Ka ce ko za ka gwada nuna hoki a allo ɗaya don sabon abu. Shawarata kada ka ɓata kuɗinka. Wasan da aka fara ƙarfe 7 na dare a Toronto, ƙarfe 1 na dare ne a Kano, namu na Edmonton kuwa sai 3 na dare. Ba wanda zai fito, ga man janareta. Idan kana so yara su ga irinsa, zan turo maka gajerun bidiyo ta WhatsApp ka sa musu a hutun rabin lokaci.

Batun allon da ka ce in duba maka farashi, na zaga shaguna biyu. Da ka haɗa kuɗin jirgi da na kwastan, gara ka saya a nan gida, kuma wutarsu 120 ce, tamu 230, wasu sai da taransifoma. Zan turo kuɗin ƙarshen wata in sha Allah, ka ƙara da abin da ke hannunka ka ɗauki babba. Ka faɗa min yadda gwajin lasifikar ya kasance, kuma ka ce wa Inna zan kira ta ranar Juma'a bayan kun sauko daga masallaci.

Ƙaninka.